Kwandon Mai-Manya

Mai-Manya ake ce masa a unguwar, kuma da za a ba shi zaɓi tsakanin sunan nan da haƙoransa na gaba, da tuni yana tauna da dasashi.

Karfasa yake kiwo a bayan gidansa, kifin nan mai ɗaukar ƙwansa a baki, cikin wani tafkin siminti da ya gina tun yana da gashi a ka. Sana'ar tasa gaba ɗaya a kan kwando guda take, wani kwandon waya mai manyan ramuka. Ranar kamu sai ya juye kifin a ciki ya girgiza. Wanda ya maƙale ya tafi kasuwa, wanda ya zurare ta rami ya koma ruwa.

"Ni ba na sayar da yaro," yake cewa, yana buga ƙirji.

Bai taɓa sayo 'ya'yan kifi daga waje ba, don a ganinsa wannan zubar da girma ne. Nasa ke haihuwa, su ke cika masa tafki. A shekarun farko kuwa kifinsa sai ka sa hannu biyu. Hajiya mai gidan abincin bakin titi, babbar mai sayensa, ita ta raɗa masa sunan, unguwa ta ɗauka.

Shekaru suka tura, kifi ya ƙi tura. Tafki cike maƙil, amma in ya girgiza kwando sai ka ji ruguguf, kowa ya koma ruwa, a bar shi riƙe da waya. Ya ninka musu abinci, suka ninka masa 'ya'ya. Ya ɗora laifin a kan rediyon tela maƙwabcinsa, wai kiɗa ke lalata musu tarbiyya, har suka yi sati ba sa gaisawa. Daga baya ya koma tsugunawa a bakin tafki yana yi musu faɗa.

"Ke ko tsawon yatsana ba ki kai ba, amma bakinki cike da ƙwai! Saurin me kike yi? Wa ya kore ki?"

Matarsa tana shanya a gefe, ta gaji da ji.

"Kai ka kore ta mana," ta ce.

"Ni?"

"To wa? Duk wanda ya ci abinci ya girma, ka kai shi kasko tun bai ga jikokinsa ba. Wanda ya bar girma ya hau haihuwa, ka mayar da shi ruwa har da sa albarka. Shekara da shekaru 'ya'yan wa ke cika maka tafki? Tsakani da Allah, in kai ne kifin, za ka girma?"

Ya buɗe baki ya rufe, ya sake buɗewa, har ta ce yanzu ma ya fi kama da su. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, don ya san gaskiya ta faɗa.

Washegari ya rage ruwan tafkin, ya shiga har gwiwa yana lalube. Can ƙarƙashin bututu ya ci karo da wani ƙaton namiji, matsoraci na ƙarshe, wanda ya girma a ɓoye don bai taɓa yarda ya fito ranar kamu ba. Ya rungumo shi kamar ɗan da ya ɓata, ya ware masa kusurwa guda da raga, ya zaɓo masa mata mafiya jiki. In Allah ya so, daga nan zuriyar manya za ta dawo, amma ba bana ba.

Yana cikin ɗaure ragar Hajiya mai abinci ta faɗo gidan. Idonta ya sauka a kan ƙaton.

"Yauwa! Ina da manyan baƙi yau. Miƙo shi."

"Wannan ango ne, Hajiya. Ba na sayarwa ba ne."

"Ka san masu cin abincina sun fara ce maka Mai-Ƙanana? Ni ke tare musu baki. Ba ni wannan na ɗaga shi su gani, kowa ya yi shiru."

Ya dubi kifin, ya dubi Hajiya. Sau biyu hannunsa ya nufi ruwa yana dawowa. Ƙarshe ya cusa hannuwan a hammata ya matse su gam.

"A gai da baƙi," ya ce.

Ta figi mayafinta ta fita, ya biyo ta yana ba da haƙuri. Da ta kai tsakiyar layi, ga tela a bakin shago, ga masu jiran mota, sai ta juyo ta ɗaga murya.

"Mai-Ƙanana!"

Layin ya yi tsit, tela har da rage rediyo. Mai-Manya ya gyara tsayuwa cikin jiƙaƙƙen wandonsa.

"Na'am, Hajiya," ya ce.