Rafin da Aka Cike da Biro

A ofishin safiyo, na masu awon ƙasa da zana taswira, kowa Baba Sanda yake ce masa, saboda sandar awon da ya shekara talatin yana hawa duwatsu da ita. Gwiwoyinsa a can suka ƙare. Ba mai yawan magana ba ne, amma ƙarya a kan taswira tana tayar masa da zuciya. A aikinsu, rafin da ba ya ƙafewa shuɗin layi ake ja masa a haɗe, wanda rani ke shanyewa kuwa a tsittsinke.

Taswirarsa ta ƙarshe kafin ritaya ta wani kwari ce a bayan tsauni, tafiyar kwana biyu a ƙafa. Gida tara ne a wurin. Sau uku suna neman a haƙa musu rijiya, ana duba tsohuwar taswira a ce ai suna da rafi. Baba ya je ya gani da idonsa: yashi, da wani ɗan kududdufi kore kusa da mushen akuya. Ya cika gora da ruwan, ya dawo ya ja layinsa a tsittsinke.

Da safe ya tarar da taswirar a teburin shugaban sashe, wanda a haife Baba ya haife shi. Kwanon abinci na kanta, shugaban yana ci yana lashe yatsu. Ya riga ya bi layin da biro ya haɗe shi tsaf.

"Baba, hannunka ya fara rawa," in ji shugaban. "Na gyara maka. Sa hannu."

Baba ya dubi maiƙon da ya ɓata tsaunin da ya kusa karya masa ƙafa. Ya fita, ya dawo da gorar, ya tsiyaya a kofin shayin shugaban. Wasu 'yan tsutsotsi suka shiga iyo. Wari ya cika ɗakin.

"Wace ƙazanta ce wannan?"

"Rafinka ne, ranka ya daɗe. Kora abincin da shi, sai in sa hannu."

Shugaban ya toshe hanci, ya ture kwanon, ya turo masa takardar da bayan hannu.

Yinin ranar Baba ya yi shi da reza, yana kankare tawadar gaɓa-gaɓa har layin ya koma a tsittsinke. Maiƙon ne ya ƙi fita. Ya zagaye shi da fensir, ya rubuta a gefe: "Wannan ba tafki ba ne." Sannan ya sa hannu.