Takalmi Ɗaya, Mu Biyu

Takalmin ƙwallo ɗaya gare mu, ni da abokina, kuma bai taɓa zame mana matsala ba sai ranar gwaji. A gwanjo muka same shi a kasuwar Keffi, baƙi mai farin zane, ƙusoshinsa sun ɗan cinye amma fatar lafiya lau. Ƙafarmu girma ɗaya. Shi bahago ne, ni kuwa da dama nake bugu, saboda haka rabon bai ba mu wahala ba: ya ɗauki na hagu, na ɗauki na dama, kowa ya cike ɗaya ƙafar da tsohon kambas. Shekara uku muka yi a haka a filin firamare na Tudun Ƙofa, muna gudu muna ɗan ɗingishi, har 'yan kallo suka gaji da yi mana dariya.

Ni nake tsakiya ina raba ƙwallo, shi yana gefen hagu. Ba yabon kai ba, duk wanda ya san ƙwallon Keffi a shekarun nan ya san in ya ci uku, biyu daga ƙafata suka fito. Na faɗi wannan tun yanzu ne don a san inda abin ya yi mini ciwo.

Lokacin jami'a ba ta daɗe da buɗewa ba, Abuja kuma tana ta turo mana mutane, kowa mai fili yana gina ɗakunan haya. Ni kafinta ne, rufin kwano nake yi, aiki bai yanke mini ba. Shi yana taya mahaifiyarsa sayar da gyaɗa da doya a Gangaren Tudu. Mutanen Eggon ne, masu zuwa coci. Shinkafar Kirsimeti a gidansu nake ci, naman layya a gidanmu yake ci, ba wanda ya taɓa ganin abin magana a ciki. Mama nake ce mata, ita kuma ta ce mini ɗana.

Wata Asabar aka ce kocin wata ƙungiya da ke babban rukunin gasar ƙasa, daga wata jiha maƙwabciyarmu, zai tsaya a Keffi kan hanyarsa ta zuwa Abuja ya duba 'yan wasa. Gari ya ɗauka. Da muka taru a fili, mutumin ya dube mu sama da ƙasa ya ce duk wanda ba shi da cikakken takalmin ƙwallo kada ya taka masa fili. Muka kalli juna. Babu wurin aro, don duk mai takalmi a garin yana nan sanye da abinsa.

Ni na kawo dabarar. Na ce kowa ya buga rabin lokaci da takalmin duka biyu. Sannan na ce masa, “Kai ka fara.”

“Ka tabbata?” in ji shi. “Kai ka fara mana, mutumina, ai ka fi ni natsuwa.”

Na ce a'a, ya shiga. Ya sake tambaya, na sake tura shi. Ba kirki ne ya sa ni ba, lissafi ne. Na ga bayan hutu rana za ta yi sanyi, masu tsaron baya sun gaji, kuma wanda aka gani a ƙarshe shi ake tunawa. Har daɗi nake ji a raina na yi masa wayo.

Ya shiga. Ba ni a ciki, ƙwallo ba ta cika zuwa masa ba, amma sau ɗaya da ta zo ya yanke mutum biyu ya narka ta a raga. Ana busa hutu ya sheƙo da gudu ya zube gabana yana kwance igiya, ya miƙo mini takalman da ɗuminsu. Na ɗaure na dama. Na hagu yana hannuna na ji an tayar da mota. Kocin ya ce yana so ya wuce Mararraba kafin gosulon yamma ya haɗu, abin da ya gani ya ishe shi. Ya rubuta suna biyu, ɗaya na abokina, ya ɗaga mana hannu.

Na ajiye masa na hagun a cinya, na tafi gida da na dama a ƙafata. Ban ce masa barka ba.

Ranar da zai tafi sansani ya same ni a wurin aiki. Ina kan rufi, na ƙi saukowa. Ya tsaya ƙasa yana kare rana da hannu, ya ɗaga murya ya ce Mama tana da hawan jini, ba ta iya sauraron wasa a rediyo, gabanta faɗuwa yake yi. Yana roƙona duk Lahadi in saurara, in je in ba ta labari, don ni ne zan iya faɗa mata yadda za ta gane. Ya ƙara da cewa ya bar mini saƙo a wurinta. Da ƙusoshi a bakina na ce to.

Na cika alkawarin, amma kada a yaba mini. Matar da ta shekara goma tana zuba mini tuwo ba zan iya ƙin zuwa wurinta ba, wannan ɗaya. Na biyu kuwa, ina so in ji da kunnena ranar da zai kasa.

Rediyon jihar da ƙungiyarsu take ba ya kamawa sosai a Keffi. Sai na ɗaura waya a eriya na haɗa ta da kwanon rufin shagona, murya ta riƙa fitowa tana tafiya tana dawowa. Ƙarfe huɗun kowace Lahadi ina zaune kan bencin aiki, ni kaɗai, na rufe ƙofa. Wasanni biyar na farko a benci ya yi su, kuma ban taɓa zama mutumin kirki kamar a makonnin nan ba. Sai in isa Gangaren Tudu kafin magariba, in tarar da Mama a tabarma tana ɓare gyaɗa, in zauna in yi ta ba ta haƙuri, in ce haka babbar gasa take, ba kowa take karɓa ba. Har tausayinsa nake ji, tausayi mai zaƙi.

Tun Lahadin farko ta nuna mini wata baƙar leda da ke rataye a ƙusa saman ƙofar ɗakinta. “Ga saƙonka can, ɗana. Ka sauke.”

Na ɗaga kai na dube ta. Na san al'adar: wanda ya samu shiga babbar ƙungiya yakan rabar da tsofaffin rigunan wasansa ga waɗanda aka bari a baya. Wato ni har na zama na ba wa kwance. Na ce, “Bari dai, Mama, zan ɗauka wani lokaci.” Ta sake tuna mini sau uku ko huɗu, ina ba ta amsa ɗaya, har ta daina. Ledar ta ci gaba da zama a wurin, daidai saman inda nake zama.

A wasa na shida aka sako shi saura minti kaɗan, ya ba da ƙwallon da aka ci. A na bakwai shi ya ci da kansa. Daga nan bai koma benci ba. Mai sharhin rediyon ya ƙaunace shi, in ya kama sunansa sai ya ja shi kamar yana kiran ɗan da ya ɓata. Gari ya canza. A teburin mai shayi kowa ya zama wanda ya fara gano shi. 'Yan acaɓa suka rubuta lambar rigarsa a bayan babur. Wani ɗalibi da nake yi wa gyaran taga ya dube ni ya ce, “Oga, an ce kai abokinsa ne, da gaske?” Ni da nake raba ƙwallo a Tudun Ƙofa tun wannan yaro bai san hanyar Keffi ba, sunana ya koma abokinsa. Na ji kishi irin wanda ke hana tuwo wucewa, kuma na san kishi ne, ban yi wa kaina ƙarya ba.

Sai na fara aske labarin. Ban yi ƙarya kai tsaye ba, ragewa nake yi, yadda nake rage katako da ya yi tsawo. In ya ci, sai in ce an yi ta hargitsi a bakin raga, ƙwallo ta taɓa shi ta shiga. In ya bayar an ci, ba na ambata. Ranar da aka ba shi katin gargaɗi kuwa, sai da na kwatanta mata har yadda alƙalin wasa ya ɗaga hannu. Mama takan saurara tana ɓare gyaɗarta, ta ce, “To, mun gode Allah,” ta tura mini kofin kunun zaƙi. In shanye, in tashi.

Da aka yi hutun tsakiyar kaka ya zo gida kwana huɗu. Ina jin labarin zuwansa na karɓi wani aikin rufi a Panda, aikin da a da na ƙi saboda nisa. Ban dawo ba sai da na tabbatar ya koma.

Mako ɗaya bayan haka wata ƙungiyar ta babban rukuni ta aiko a yi mata gwaji a filinmu, da sharaɗi iri ɗaya. Kocin unguwarmu ya zo har shago ya ce in fito, 'yan tsakiya suke nema. Na ce ba ni da takalmi. Ya ce za a samo mini aro. Na ce ba na wasa da takalmin wani. Gaskiyar ita ce ina tsoron in shiga a ƙi ɗaukata, in rasa abin da zan riƙa faɗi. Kuma ina so a tambaye ni dalili. Duk wanda ya tambaya, amsata a shirye take: takalmi ɗaya muka haɗa muka saya, ya samu duniya ya tafi da rabinsa ya bar ni da ƙafa guda. Na faɗa a wurin mai shayi, na faɗa a wurin aski, na faɗa har na fara yarda. Aka ɗauki wani ɗan tsakiya da na san na fi shi nesa ba kusa ba.

Zagaye na biyu bai yi wa ƙungiyarsu kyau ba. Suka yi ta faɗuwa a waje, suna kunnen doki a gida, har aka zo wasan ƙarshe: in ba su yi nasara ba, sun faɗa ƙaramin rukuni. Na rufe shago na zauna. Ban san abin da nake roƙo ba ranar nan. Har kusan tashi babu ci. Sai muryar ta ɓace, ta dawo, na ji mai sharhi ya ja sunan abokina, yana cewa ya karɓa a gefe, ya yanke ɗaya, ya yanke biyu, kuma kafin ya faɗa na riga na san abin da zai biyo baya, don na ga wannan yankan sau ɗari. Na yi tsalle har na tsinke wayar eriya, na ji bakina yana ihu, “Ɗan'uwana!”

Minti biyu na yi ina murna tsakani da Allah. Sai 'yan acaɓa suka fara hon a titi, kishin ya dawo mini sabo.

Na tarar da Mama a inda na saba. Na zauna ƙarƙashin ƙofa na ce, “Sun tsira, Mama. Ɗaya suka ci. Mai tsaron bayan wancan ɓangaren ne ya ci gidansu, amma za ki ji mutane suna cewa shi ne.”

Ba ta ɗago ba. Ta ɓare gyaɗa biyu, uku, sannan ta ce, “Da hagu ya buga. Daga nesa. Yanzu ya kira, ko riga bai cire ba.”

Na ji kamar an zare tsani ina kan rufi.

Ta ce malamin makarantar da ke haya a gidan yana da wayar hannu. Tun farkon gasa, duk Lahadi bayan na tafi, ɗanta yakan kira. Duk ƙwallon da ya ci ta sani, da wadda ya bayar.

Da ƙyar na ce, “To me ya sa kika bar ni ina zuwa?”

“Shi ya ce kar in hana ka. In ya kira, kafin ya tambayi jikina, sai ya ce, ya zo? In na ce ka zo, sai ya ce, to, Mama, har yanzu ina da shi.” Ta karkaɗe zaninta. “Abin da kake faɗi a gari ma na ji, ɗana. Wannan ban gaya masa ba. Tashi ka sauke ledar nan, na gaji da ganinta.”

Na miƙe na sauke. Tun daga nauyinta na san ba riga ba ce. Takalmin hagu ne, an wanke shi an shafa masa mai, an cusa takarda a ciki don kada ya lanƙwashe, da sabuwar igiya ta ƙafa biyu a naɗe.

“Ya ce su can ƙungiya za ta ba shi takalmi,” in ji Mama. “Ya ce kai ka riƙe cikakke, wani koci zai zo.”

Wani kocin kuwa ya riga ya zo, ya tafi. Wata tara takalmin yana lilo a saman kaina ina shan kunu a ƙarƙashinsa.

Na koma na zauna. Na ce, “Mama, bari in ba ki labarin ƙwallon.” Na ba ta tun daga inda ya karɓa, da yankan farko, da na biyu, da yadda filin ya ɗauki ihu. Ban rage komai ba. Ita kuma ta ajiye gyaɗar, karo na farko a duk kakar, ta saurare ni har ƙarshe.

Bayan mako biyu ya dawo, ya same ni a kan rufi, wannan karon na sauko. Bai taɓa tayar da maganar ba har yau, ni ma ban iya ba. Kishin bai mutu duka ba, in na ce ya mutu na yi ƙarya.

Amma a yammacin nan, daga gidan Mama shago na wuce. Na jawo na dama daga ƙarƙashin benci, na kakkaɓe masa garin katako, na zura sabuwar igiyar, na ɗaure su duka biyun a ƙafata, abin da ban taɓa yi ba tun da muka saye su. Na miƙe tsaye. Sun zauna mini cif, ba ɗingishi. Na yi taku uku zuwa ƙofa, na tsaya, don babu inda za ni da su.