Kawu Abari da Rumbun Tsimi

Dami tamanin na gero a rumbu ɗaya can ƙauyen Hamdara, da baki goma sha huɗu a gidanmu na Birni: a kansu muka shekara biyu muna ja da Kawu Abari, wan mahaifiyata.

Kun dai san shi. Na taɓa ganin wani fim a silima, an ɗauko mutumin dā an jefo shi zamaninmu yana ta zare ido. Jama'a na dariya, ni ko murmushi ban yi ba, don ina da irinsa a gida. In zai shiga mota sai ya tuɓe takalmi a waje, ya yi sallama. Sau biyu muna komawa tasha neman takalmansa.

Ran da na sayo rediyo, na kai hannu zan kashe, ya buge hannun. "Baƙo na magana za ka toshe masa baki? Wa ya rene ka?" Muka zauna har batir ya ƙare. Ya ce, "Ka gani, da ya gaji ai ya yi shiru da kansa."

Ni hatsi nake saye da sayarwa. Shekarar da ruwa ya fara ɗaukewa farashi ya tashi, na ce, "Kawu, a sayar da geron nan, in rufa maka ɗaki da kwano."

"Da me za su biya?"

Na miƙa masa takardar kuɗi ta jika ɗaya. Ya juya ta, ya sansana. "To, dama min fura da ita in gani." Wai a gidan ubansa ba a fasa rumbun tsimi don kasuwa, sai don yunwa.

Da aka sake yin fari, aka kawo jar dawar taimako, sai maigida mai kart dantite, wato katin shaida, ake ba. Shi ne maigida, ba shi da katin, na ja shi biro, ofishin hukuma, a yi masa. Ma'aikaci ya ce, "Baba, yaushe aka haife ka?"

"Ran Alhamis."

"Wace shekara?"

"Ka tambayi uwata, ita ta sha wuyar."

Haka muka dawo ba ko tiya. Hatsin shagona ya ƙare, tuwo ya koma kunu, kunun ma ya tsinke. Wata safiya ya leƙa ƙwaryar yara, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Mamman, kira motar nan taku. Yau yunwa ce."

Da muka isa Hamdara ya fasa rumbun da hannunsa, ko kallona bai yi ba.

Ribar da na hango ban ci ba, ɗakinsa kuwa har ya rasu na laka ne. Amma mu goma sha huɗun nan duka mun ga kaka, tare da gidaje biyu na maƙwabta. Allah ya jiƙan Kawu, ya shayar da kabarinsa da ruwan da muka rasa a shekarun nan.