Malam Kailani da Jita Mai Kama da Almakashi

Duk wanda ya san layinmu a Tudun Wada ya san shagon Malam Kailani tela, tsakanin mai niƙa da ni. Ni sunana Isiyaku, gyaran rediyo da sifika nake yi. Shekara goma sha tara ke nan bango ɗaya ne ya raba mu da shi, bangon ma na kwano, saboda haka ko tari ya yi sai na ji. Daga Litinin zuwa Alhamis ɗinki yake yi, kuma hannunsa ba laifi, sai dai in ya ce maka jibi, ka ƙara mako guda a ranka. Asabar da Lahadi kuwa makaɗin jita ne a ayarin Hajiya Hajo, mai waƙa a wunin bikin mata. Ni nake ɗaukar musu kayan sauti, ni nake jona wayoyi, ni ne kuma ake harara in sifika ta yi ƙara.

Tun yana saurayi ya koyi jita a wurin wani tsohon ɗan sanda da ya yi aiki a rukunin makaɗa. Mahaifinsa bai so ba ko kaɗan. Bayan an kai ruwa rana, mahaifin ya amince bisa sharaɗi guda: kada a taɓa ganin ɗansa a tsaye yana girgiza jiki a gaban matan mutane. In zai kaɗa, ya zauna, ya sunkuyar da kai. Tsohon ya rasu tun kafin in zo layin nan, amma Malam Kailani bai saki sharaɗin ba. Benci gare shi na musamman, ana ajiye masa a bayan Hajiya Hajo, ya shimfiɗa darduma a kai, ya tattara rigarsa, ya zauna kamar mai jiran a kawo masa karatu. Mata su yi ta rawa ƙura na tashi, shi ko ɗaga ido ba ya yi. Na sha jin baƙi suna tambaya ko ba shi da lafiya ne.

Jitarsa ta lantarki ce, baƙa, mai ƙugu. Shekara talatin da ɗaya tana hannunsa. Ƙugun nan yakan zauna a kan cinyarsa ta dama daram, inda damtsensa yake kwanciya fenti ya goge har katako ya fito. Tumbinsa ma ina ganin a jikinta ya girma, don ta wajen da take zama ya ɗan fi lotsawa. Ba ya duban wuyanta in yana kiɗa. Hannun ya san hanya.

A daminar bara rufin shagonsa ya yi yoyo daidai ƙusar da yake rataye ta. Kafin ya lura, wuyan ya lanƙwashe, tsirkiyoyin sun yi nisa da katako, gindin wuyan kuma ya tsage. Muka kai ta Sabon Gari wurin Anayo, mai gyara kayan kiɗan coci. Anayo ya juya ta, ya leƙa ta tsaye kamar mai duba bindiga, ya ce za ta gyaru amma ba yanzu ba, sai katakon ya bushe da kansa, sai kuma ya samo wani ƙarfe da ake sa wa a cikin wuya. Bai ba da rana ba. Malam Kailani ya so ya yi ƙorafi, na tuna masa cewa shi ma tela ne.

Hajiya Hajo ba ta da mugunta, amma ba ta iya kwana-kwana ba. Tana da Zulkiflu mai fiyano, wanda in ya danna maɓalli guda sai fiyanon ta fitar da kukan jita, in ya danna wani ta fitar da kalangu. Biki biyu aka yi ba Malam Kailani, kuma babu matar da ta daina rawa don neman sa. Sai Hajiya ta zo shagon da kanta. Ta gaishe shi da girmamawa, ta tambayi iyali, sannan ta ce akwai bikin 'yar Alhaji Sharfaddeen a Kwangila nan da mako bakwai. In ya zo da jita mai magana, bencinsa yana nan. In bai zo ba, to, daga ranar za a daina sa bencin a mota, dama wuri yake ci.

Na ji komai ta bango, kuma raina ya ɓaci, don na san abin da bencin nan yake a wurinsa. Ɗinki abinci ne kawai. A kan bencin ne yake jin shi wani ne.

Babban ɗansa Jamaluddeen yana aiki a Legas. Da labari ya kai masa, bai yi shawara da kowa ba, ya sayi jita ya ba direba. Muka ɗauko kwalin daga tasha, muka buɗe a gaban shago, mai niƙa ma ya kashe injinsa ya zo kallo. Abin da ya fito ja ne wur, yana sheƙi, ba ƙugu, ba ciki. Daga gindin wuya sai ya rabu gida biyu, ƙafa nan ƙafa can, kowace da tsini. Malam Kailani ya daɗe yana dubanta, sannan ya dubi teburinsa.

"Wannan ai almakashi ne aka sa wa tsirkiya," in ji shi.

Ya zauna, ya yi bisimilla, ya ɗora ta a cinya yadda ya saba. Ta zame ta nufi ƙasa, da ƙyar na tare ta. Ya sake ɗorawa, ta sake zamewa, tsinin ya caki ƙaurinsa. A karo na uku ta kifar masa da kofin shayi. Sautinta kuwa da na jona ta, ba abin kushewa, garau, har ya fi na tsohuwar ƙarfi. Amma me za ka yi da sauti in abin ya ƙi zama?

Kowa ya ba da shawara iri ɗaya. Akwai maɗauri a cikin kwalin, a rataya ta a kafaɗa a miƙe tsaye, don haka aka ƙera ta. Jamaluddeen ya turo bidiyo a wayata, wasu ƙartin Turawa masu gashi har gadon baya suna tsalle da irinta. Malam Kailani ya kalla har ƙarshe, ya miƙo mini wayar. Da ɗan ya kira, ya sa masa albarka, ya ce jita ta yi kyau ƙwarai. Mayar da kyautar ɗa ba ya cikin lissafinsa, tsayuwa ma haka. Ya rage ke nan a tilasta wa almakashi ya koyi zama.

Ya fara da abin da ya iya. Ya auna tsakanin ƙafafun da tef, ya yanka soso, ya ɗinka masa riga da ragowar shadda, ya cusa a tsakiya. Matashin ya yi kyau, har da ɗan aiki a baki, amma jitar ta zame tare da shi. Ya yanko robar tsohuwar tayar babur ya ɗaure ta a cinyarsa, bayan minti goma ƙafar ta mutu, sai da na riƙe shi ya tashi. Ya kira Mika'ilu kafinta ya sassaƙa masa wani katako mai lanƙwasa da zai maye gurbin ƙugu, aka ɗaura, jitar ta yi nauyi ta gefe guda tana jan sa kamar akuyar da ba ta son kasuwa. Mako uku suka tafi a haka. Masu ɗinki suna zuwa suna komawa, ana ce musu jibi.

Ranar da na yi faɗa da shi ita ce ranar da na leƙo na tarar da Mika'ilu riƙe da zarto, an ja layi da allin tela a ƙafar jitar ta ƙasa. A cikin ƙafar nan ramin jona waya yake. Na ce da Mika'ilu in ya sa zarton nan, ya tabbata ya iya haɗa wayoyi, don ni ba zan taɓa ba. Na ce da Malam Kailani, da duk girman da nake ba shi, mutum mai shekara hamsin da bakwai ya fi ƙarfin yin rigima da katako. Ya ce ba a neme ni ba. Kwana biyu ba mu gaisa ba sai ta bango, in ya yi atishawa in ce masa yarhamukallah.

Hanyar da ta ɓulle ba dabarar kowa ba ce. Wata rana bayan la'asar yana zaune da ita, mai karɓar ɗinki ya shigo, ya miƙa hannu zai ɗauko leda. Don kada ta faɗi, ya tura cinyarsa ta dama tsakanin ƙafafun nan biyu. Jitar ta hau cinyar ta zauna cif. Wuyanta ya tashi sama ya nufi kunnensa na hagu, maimakon ya miƙe a kwance yadda tsohuwar take yi. Ya saki hannu biyu, ba ta motsa ba.

Bai yi murna ba, kada ku ɗauka. Ya ce zaman rashin kunya ne, dole sai mutum ya tattare riga har saman gwiwa. Sai ya ɗinka wa kansa doguwar riga mai tsaga har ƙugu ta gefen dama, wadda ita kaɗai ce ɗinkin da na taɓa ganin ya gama a rana ɗaya. Daga nan kullum bayan la'asar sai ya rufe keken ɗinki ya ɗauko ta. Yana kaɗawa yana zaginta. Kafaɗarsa ta yi ciwo, yatsunsa suna sauka inda ba nan ba, ya zama dole ya riƙa duban wuyan kamar sabon shiga. A mako na biyar zagin ya ragu. A na shida na ajiye abin da nake gyarawa na saurara, don ya hau can ƙarshen wuya yana fitar da wasu siraran muryoyi da ban taɓa ji daga hannunsa ba. A tsohuwar, katakon jikinta yakan tare masa hannu kafin ya kai wurin. Na leƙa na gaya masa kiɗansa ya ƙaru. Ya ce kunnena na rediyo ne, shi lallaɓawa kawai yake yi kafin tasa ta dawo.

Ta kuwa dawo, da safiyar ranar bikin. Anayo da kansa ya kawo ta a babur, wuya ya miƙe sak, sababbin tsirkiyoyi. Malam Kailani ya rungume ta, idonsa ya kawo ruwa, ni ma sai da na juya baya. Na ce ya gwada ta tukuna. Ya ce mutum ba ya gwada hannunsa. Ya jingina jar jitar a bayan keke, ya kulle shago, muka tafi Kwangila.

An cika tsakar gidan maƙil. Aka ajiye benci, aka shimfiɗa darduma, ya zauna ya sunkuyar da kai. Hajiya Hajo ta ɗaga murya, wurin shigarsa ya zo, ya shiga, kuma ya sauka a wani waje dabam. Hannunsa na hagu ya tafi sama neman wuya kusa da kunne, wuyan kuwa yana can ƙasa. Gwiwarsa tana ta buɗewa tana neman abin da za ta shiga tsakaninsa. Ya gyara zama, ya sake shiga, ya sake kuskurewa. Hajiya ta waiwayo sau ɗaya. Zulkiflu, cikin ladabi, ya danna maɓallinsa, kukan jita ya fito daga fiyano ya rufe ramin, mata suka ci gaba da rawa. Wannan ladabin ya fi zagi ciwo.

Da waƙar ta ƙare ya yafito ni. Gumi ya jiƙa masa hula. Ya zaro makullin shago daga aljihu ya danƙa mini, bai dube ni ba.

"Isiyaku, hau babur. Tana bayan keke."

Ban ce na gaya maka ba, ko da yake maganar ta zo mini har baki. Daga Kwangila zuwa Tudun Wada da dawowa, ga cunkoso, waƙa huɗu aka yi ba shi. Da na iso ya karɓe ta, ya buɗe tsagar rigarsa, ya ɗora ta a cinya, ta zauna. Abin da ya kaɗa daga nan har aka tashi kafin magariba, ban taɓa jin irinsa a gidan biki ba. Ya hau siraran muryoyin nan ya bi Hajiya baiti baiti, har ta daina waƙa ta bar masa fili. Zulkiflu ya janye yatsansa daga maɓallin. Da muna loda kaya, Hajiya ta ce da direba a fara sa bencin Malam kafin sifika, kuma Asabar mai zuwa akwai biki a Dutsen Abba.

Washegari da hantsi Anayo ya biyo ta layinmu don ya ji yadda aikinsa ya yi. Ya tarar da baƙar jitar a kan teburin yanka, an goge ta tas, Malam Kailani yana ɗinka mata jaka da shadda mai kyau. Ni ina bakin ƙofa, na ɗauka zai ce gyaran ne bai yi ba, don kowa a layin nan haka zai ce, kuma ba mai ƙaryata shi. Ya daina taka keken, ya ɗora tafinsa a inda fentin ya goge.

"Oga Anayo, aikinka ba shi da aibi," in ji shi. "Shekara talatin da ɗaya tana kan cinyar nan. Wata biyu kawai ta yi a wurinka, jikina ya manta da ita."

Anayo ya tambaya ko ya nemo mata mai saye, akwai wani a cocinsu da yake nema. Malam Kailani ya girgiza kai, ya ce a'a, ya mayar da ƙafarsa kan keke ya ci gaba da ɗinkin jakar.