Balangu a Ƙarƙashin Matashin Baba

Shekarar da hawan jini ya shanye wa Baba ɓarin jiki, ni aka kira daga Bakura na zo jinya, don Inna ƙafafunta sun gaji. Yayyena maza biyu suna Maradun wajen harkar shanu, kuma nasu taimakon a waya yake ƙarewa: a ba shi kaza, a hana shi kaza.

Baba mahauci ne, tun yana saurayi yake fawa a kasuwar Talata Mafara. Likita ya ce ba gishiri, ba kitse, ba jan nama. In na kai masa faten wake lami, sai ya leƙa kwanon ya kau da kai. Abokan sana'arsa kuwa ba sa fashin dubiya. A daɗe ana gaisuwa, in sun fita ɗakin ya ɗauki ƙamshin yaji.

A layin gashin ƙashi na asibiti, inda nake kai shi, na koyi wata saƙa. Wata malamar makaranta da ke kawo mijinta tana riƙe da kwali da ta yanka kamar faifai, da tsaga a gefe da huda a tsakiya. Ta ce saƙar igiya ce irin ta mutanen Japan, a waya ta gani. Ka sauko da zaren sama, ka hau da na ƙasa, ka juya kwalin, igiya tana fita ta hudar. Da muka koma gida na yanka kwalin taliya, na sayo zaren hula.

Wata safiya ina gyara shimfiɗa, na ɗaga matashi na tarar da balangu a takarda, maiƙo ya huda har zanen gado.

"Baba, wa ya kawo wanga?"

"Aje mini abuna."

"Likita fa ya hana."

"Likita ya taɓa ɗanɗana abin da kike ba ni? Da naman ga na aurar da ke."

Na kira babban yayana a waya. Ya ce, "Ki bi shi a hankali, tsoho ne," ya kashe wayar.

Na fita tsakar gida na ɗauki kwalina. A ranar nan da ƙarfi na riƙa jan zaren, igiyar ta fito a murɗe, na warware na sake. Har azahar ina nan, sai da na ji numfashina ya daidaita. Zare dai inda ka aje shi nan yake zama.

Baba bai daina ba, ya dai canja maɓoya. Hannun da ya shanye bai dawo ba, amma ya fara takawa da sanda kafin damina ta fita. Lokacin da zan koma Bakura igiyoyin sun cika leda, na bar wa Inna tana ɗaure bakin buhun gero da su.