Takardar da na danne a ƙarƙashin fayil

Har yau ban manta da ranar da kalma guda ta Turanci ta tona mini asiri a gaban kotu ba. 'Yan shekaru ne bayan an ƙirƙiro jiha, ina tafinta a wata kotun majistare a Dutse. Ga waɗanda ba su san aikin ba, a irin wannan kotu da Turanci ake rubuta komai. Ko da mai shari'a Bahaushe ne, tafinta ne zai tsaya tsakaninsa da wanda ake ƙara, yana juya magana. Na shekara goma sha ɗaya ina wannan aiki tun muna ƙarƙashin Kano, kuma a ganina babu wanda ya kai ni Turanci a harabar nan.

Sai aka turo mana Malama Rakiya daga Garki a matsayin mai buga tafireta. Ba ta da surutu. In an tashi hutun azahar, ita tana kan kujerarta da wani tsohon ƙamus marar bango, tana karantawa kamar littafin labari. Abin yana ba ni dariya a lokacin.

Ranar da nake ba ku labari, an gurfanar da wani manomi daga wajen Taura, Malam Ɗanjuma, bisa zargin satar san maƙwabcinsa. Ba a kama shi da san ba. Abin da ya faru shi ne, ranar kasuwa ya kishingiɗa a rumfar wani tela da rana, barci ya ɗauke shi, sai aka ji yana cewa, “Ku ja shi ta bayan gari kafin mai shi ya dawo.” Mutum uku suka ji, 'yan sanda suka rubuta cewa ya amsa laifi da bakinsa. Wansa ya kawo wasiƙa daga wani likita da ya taɓa duba shi, mai shari'a ya miƙo mini, ya ce in fassara wa wanda ake ƙara.

Na tafi sumul har na zo kan kalmar “somniloquy”. Ban taɓa ganinta ba. Ta yi mini kama da “soliloquy”, wadda na sani tun sakandare, sai na ɗaure fuska na ce, “Likita ya ce kana da larurar magana kai kaɗai.”

Malam Ɗanjuma ya zabura. “Ranka ya daɗe, ni ba mahaukaci ba ne! A tambayi garinmu.”

Ɗan sanda mai gabatar da ƙara ya miƙe nan take, ya ce in dai magana shi kaɗai yake yi, to ido biyu ya yi ta, kuma abin da ke ransa ya faɗa.

Rakiya ta shigo ke nan da wasu takardu. Ta yi rubutu a ɗan guntun takarda, ta ajiye a gabana ba tare da kowa ya lura ba. Ta rubuta, “Sambatun barci ne, Malam.” Na karanta, na kuma gane ita ke da gaskiya, domin wasiƙar duka sai ta zauna daidai. Da na ce a gafarce ni na gyara, da shi ke nan. Amma sai na ce a raina: mai buga tafireta ce za ta koya mini aikina? Na ja fayil na danne takardar.

Ta jira, ta ga ban motsa ba. Sai ta russuna ta ce, “Ranka ya daɗe, a yi mini afuwa. Kalmar tana nufin yin magana cikin barci.”

Mai shari'a ya sauke tabarau, ya ce shi ma bai taɓa cin karo da kalmar ba. Ya tambaye ta ko ta tabbata. Ta ce wasu suna rubuta “somniloquence”, mai larurar kuma “somniloquist” ake ce masa. Aka ɗauko ƙamus ɗinta, ga su nan jere. Mai shari'a ya ce ba a kama mai barci da maganarsa, kuma tunda babu wata shaida, ya sallami Malam Ɗanjuma. Wansa har ƙofar ofis ya biyo Rakiya yana sa mata albarka. Ni ko kallona bai yi ba.

Daga ranar, in mai shari'a ya haɗu da kalma mai wuya, sai ya ce a kira Rakiya. Duk kiran nan a zuciyata yake sauka. Na sayi ƙamus babba, ina haƙo kalmomi don in ƙure ta a gaban jama'a. In ba ta sani ba sai ta ce, “Ban sani ba, Malam, koya mini,” ta kuwa rubuta. Wannan ma haushi yake ba ni.

Bayan wata shida aka buɗe kwas na tafintoci, aka nemi shawarata a rubuce a kanta. Na rubuta cewa tana da ƙoƙari, amma ba ta kai ba tukuna. Aka tura wani. Shekara na zagayowa ta ajiye aiki, ta koma karatu.

Bayan na yi ritaya na haɗu da ita a asibiti, a lokacin tana koyarwa a wata kwaleji. Ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ni, ta ce wa 'yarta, “Ga Malam Hudu, a wajensa na ga yadda ake tafinta.” Na buɗe baki in gaya mata abin da na rubuta, na kasa. Sai na ce Allah ya yi albarka.

Ku da kuke farawa, rashin sanin kalma ba laifi ba ne a aikinmu, kowa yana cin karo da wadda ta fi ƙarfinsa. Ni an kawo mini gyara har gabana na ƙi karɓa, alhali ga bawan Allah a tsaye yana jiran bakina ya san ko gida zai kwana ko gidan yari.