Man Kifin da Inna Ta Tara Mini

Ban taɓa ganin mace mai ƙin asara irin Innata ba. Baba masunci ne, a ƙauyenmu da ke ƙasan dam ɗin Goronyo, kuma duk tarwaɗar da ya kawo, sai Inna ta yaye kitsen cikinta ta narka a kasko, ta tace a kwalba. Da man nan muka tashi. Cokali guda a miyar kuka, sai ka ga yaro yana lasar kwano har da gefensa.

Shekarar da na yi cikin fari, na baro Wurno na dawo gida goyon ciki. Na tarar ta jera kwalabe a bayan gadonta. Tun da ta ji labarin cikin take tarawa, ko Baba ba ta ɗiba wa. "Na jegonki ne," in ji ta. "Shi ka kawo nono." Ni kuwa kwaɗayi ya sa kullum sai na leƙa su.

Wata safiya ta ɗora kasko da sabon kitse, sai na ga ta tsaya cak, ta sunkuya tana shinshina hayaƙin.

"Ke, taho. Mi kika ji?"

Na ce ƙamshi.

"Hancinki ya mutu. Sake ji."

Can ƙarƙashin ƙamshin akwai wani ɗan wari mai kama maƙogwaro, irin wanda ke bin rigar Yaya in ya dawo daga feshin albasa. Yaya babban ɗanta ne, gonarsa na bakin gulbi, kuma shi da abokan nomansa a ɗan lungun ruwan da Baba ke kafa gura, tarkonsa na kifi, suke wanke tankunan feshin maganin ƙwari. Kowa ya sani. Ba wanda ya ɗauke shi komai, tunda ruwa na tafiya.

Inna ta ɗiga man a dandamali, ta ɗiga na gyaɗa a gefe. Kafin azahar kiyashi sun yi baƙi ƙirin a kan na gyaɗa, na kifin kuwa suna zagaye shi. Ban san abin da kiyashi suka sani ba, amma ita ya ishe ta.

Na yi faɗa, wallahi. Na ce wata da watanni ana tara mini abu, sai a hana ni saboda kiyashi? Ta bar ni na gama.

"Maiƙo ba shi da laifi," ta ce. "Zuba shi ƙasa, kwana kaɗan ƙasa ta canye shi. Abin da ya goyo shi na ka tsoro. Ƙaramin kifi ya sha, babba ya haɗiye ƙarami, duk ya taru ga kitse, ni kuma in tattara in ba ki, ke ki ba jinjiri."

Na ce to a ba kaji. Ta ce ƙwan fa, wa zai ci?

Abin da ta yi da yamma shi ne har yau nake jinjina mata. Ba ta yi wa Yaya ihu ba, ni ce ma na so a yi. Ta tuƙa tuwo, ta aika a kira shi, ta zaunar da shi a tabarma. Ta buɗe kwalba guda ta kwarara a miyarsa har ya taso sama.

"Bisimilla."

Ya kai loma baki, ya tsaya. Ya san warin fiye da kowa.

"Inna, wanga mai..."

"Na ƙanwarka ne. Kai ka sa masa gishiri. In ka iya ci, sai in ba ta."

Yaya ya dubi cikina, ya mayar da lomar kwano. Ƙato mai gemu, na ga idonsa ya kawo ruwa. Shi da kansa ya haƙa rami nesa da rijiya, Inna ta miƙa masa kwalaben ɗaya bayan ɗaya, tana shafa kowace kafin ta sake ta. A nan na gane ta fi ni jin zafin.

Daga ranar a tudu yake wanke tankinsa. Abokansa wasu sun bi shi, wasu ba su bi ba. Na yi jegona da man gyaɗa, ɗiyata ta sha nono ta ƙoshi. Inna kuwa har ta rasu ba ta sake narka kitsen kifi ba, amma kaskon na nan a ɗakinta, a wanke, a kife.